Kwatarkwashi, Kufena ko Shere: Ina Ya Kamata 'Yan Sikawut na Gusau Su Je Hawan Dutse?

Duk malamin da ke riƙe da ƙungiyar sikawut a Gusau ya san lokacin da maganar take tashi. Da zarar ruwa ya ɗauke, yara za su fara ƙorafin sun gaji da fareti da ƙulle-ƙullen igiya a filin makaranta, su dai a goya jaka a hau dutse, a kwana a tanti. Kuma suna da gaskiya. Sikawut tun asalinsa aikin fili ne. Baden-Powell da zangon kwana ya fara shi a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, kuma da wannan tsarin ya iso Najeriya a 1915. Yaron da bai taɓa ɗaukar ruwansa da guzurinsa a bayansa ya hau tudu da ƙafarsa ba, rabin horon kawai ya samu.

Wurare uku nake ganin sun cancanci a zauna a auna su: dutsen Kwatarkwashi da ke nan kusa da mu a ƙaramar hukumar Bunguɗu, dutsen Kufena na Zariya, da tsaunukan Shere na Jos. Na san wani zai ce ina tsaunukan Zuru, tunda Kabi maƙwabta ce kuma ƙasar tana da kyau. Ban sa su cikin lissafi ba. Hanyar daga nan ta Anka ta bi, kuma a Nuwamban 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, aka kwashi ɗalibai. Ba zan ba kowa shawarar ya bi da bas cike da yara masu kaki iri ɗaya ta wannan yanki a yanzu ba.

Yara da tsayin dutse suke auna wuri. Iyaye kuwa da makwanci. In ka kira taron iyaye, kafin ka gama bayani wata uwa za ta ce, "Malam, ina ɗiyan nan za su kwana?" Wannan ita ce tambayar da ta kamata a fara da ita, domin ba wanda ya manta daren 26 ga Fabrairun 2021, lokacin da aka ɗauke 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Talata Mafara. Saboda haka tun daga farko na cire kwanan daji daga dukkan wuraren uku. Za a goya jaka cikakkiya, za a kafa tanti, za a hura wuta a dafa abinci, amma tantin a cikin katanga za a kafa shi, a cikin gari, inda akwai mai gadi da ƙofa. Wanda ya ce wannan ya rage armashin tafiyar, ban musa masa ba. Amma da wannan sharaɗin kaɗai zan sa hannu a takarda.

Kwatarkwashi ita ce mafi sauƙi a aljihu, nesa ba kusa ba. Tana kan hanyar Funtuwa, kafin a kai Tsafe, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a mota. Ba kuɗin masauki, ba abincin kwana uku, mota ɗaya za ta kai ta dawo. Dutsen kansa ba abin rainawa ba ne: ƙaton falalen dutse ne da ake hango shi daga titi, garin yana kwance a gindinsa, masarauta ce mai sarkinta, kuma tsofaffi suna da labarin zaman da kakanninsu suka yi a jikin dutsen da al'adar kamun maiki da aka san garin da ita a da. Wannan wani abu ne da Zariya da Jos ba za su ba yaron Zamfara ba. Zai hau dutsen ƙasarsa, ya ji tarihinsa daga bakin masu shi, da Hausar da yake ji a gida.

Matsalarta a fili take. Gajeriyar hanya ce, amma tana kai ka yankin da ya sha fama da 'yan bindiga. Yara talatin a kan falalen dutse ana ganinsu daga nesa, kuma labari yana gudu a ƙauye fiye da mota. Don haka Kwatarkwashi ta yini ce kawai, ba ta kwana ba, kuma ba a sa mata rana a bayyane. Ba a rubuta ta a Facebook, ba a yaɗa ta a zauren WhatsApp na iyaye mako biyu kafin lokaci. Malami ya je da kansa fadar sarki ya gaida manya, ya nemi izini da ɗan jagora, ya ga baturen 'yan sandan yankin, ya ji ta bakin Askarawan Zamfara da gwamnati ta ƙaddamar a Janairun 2024, waɗanda 'yan ƙasa ne kuma sun san motsin dajin. In ɗaya daga cikinsu ya ce a dakata, an dakata ke nan, ko da an riga an biya kuɗin mota. A iso da sassafe bayan gari ya waye sosai, a fara hawa kafin dutsen ya ɗau zafi, a sauko kafin azahar, a yi la'asar a Gusau.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: tafiyar yini ɗaya ba ta koya wa yaro abin da kwana yake koyarwa. Rabon aiki, wanke tukunya, haƙuri da wanda ya yi minshari, tashi sallar asuba cikin sanyi ba uwa a kusa, duk sai an kwana. Ana iya cike wannan giɓin ta hanyar kafa tanti a harabar makaranta a cikin Gusau daren da za a tafi da daren da aka dawo. Ya fi babu, amma yaro ya san gidansu yana bayan katanga.

Kufena ita ce tsaka-tsaki. Daga Gusau zuwa Zariya kusan kilomita 180 ne, ta Tsafe da 'Yankara da Funtuwa da Giwa. Dutsen yana daf da Wusasa, wato ba a daji yake ba, gari ya kusa rungume shi. Hawansa bai fi ƙarfin yaro ɗan shekara goma sha biyu mai lafiya ba, kuma daga samansa ana kallon Zariya a shimfiɗe. Tarihinsa ma mai nauyi ne, domin mutane sun zauna a Kufena tun kafin birnin Zazzau ya zama yadda muka san shi, kuma tsohuwar ganuwa ta kewayo har wajensa. Malamin da ya shirya zai haɗa hawan da ziyarar ƙofar fadar Zazzau da Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wadda aka kafa a 1962. Yaro ɗan aji uku na ƙaramar sakandare da ya taka cikin jami'a da ƙafarsa, tunaninsa kan karatu yakan canza. In a ƙungiyar akwai yara Kirista, kamar yadda ake samu a makarantun Gusau da dama, tsohuwar majami'ar Wusasa da aka gina a 1929 tana nan kusa don ibadar Lahadi.

Abin da ya fi ja na zuwa Kufena shi ne masauki da asibiti. Zariya garin makarantu ne, kuma samun makaranta mai katanga da famfo da banɗaki da za ta bar ku ku kafa tanti a filinta abu ne da takarda ɗaya daga shugaban makarantarku da haɗin kan 'yan sikawut na can za su iya warwarewa. Asibitin koyarwa na jami'ar yana Shika, akwai kuma asibiti a Wusasa kanta. Ana iya tashi Juma'a da hantsi, a sami sallar Juma'a a Zariya, a hau dutse Asabar, a juyo Lahadi da rana tsaka.

Sai dai kada a ruɗi kai. Duk mai zuwa Zariya ko Jos daga Gusau sai ya ratsa tsakanin Tsafe da Funtuwa sau biyu, kuma wannan yankin ne direbobi suka fi tsoro. A nan ne ainihin zaɓin yake: Kwatarkwashi hanya kaɗan ce amma za a yini a wuri mai hatsari, Kufena da Shere kuwa masaukinsu ya fi kwanciyar hankali amma sai an biya da hanya. Ni na fi yarda da hatsarin awa ɗaya ko biyu a cikin mota mai tafiya tsakar rana, cikin jerin motoci, a kan na yini guda a tsaye a fili. Wani malamin zai ga akasin haka, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba. Abin da ba na jayayya a kansa shi ne lokaci: ba sammakon duhu, ba tafiyar yamma. A ɗauki direba daga tasha wanda yake bin hanyar kullum, a tambaye shi da safen ranar, kuma yara su sa kayan gida a mota, kakin ya zauna a jaka sai an isa.

Shere ita ce wadda yara suke mafarki, kuma ita kaɗai ce a cikin ukun za a kira tsauni da gaske. Tana gabashin Jos, kamar kilomita 10 daga cikin gari, ƙololuwarta ta kai kimanin mita 1,829 daga doron teku, alhali Jos kanta tana wajen mita 1,200. Ba dutse ɗaya ba ne, jerin tsaunuka ne da kwazazzabai da manyan duwatsu a ɗore kan juna, inda za a yi yini ana tafiya da taswira da kamfas a ga amfaninsu. A gindinta akwai makarantar horon jagoranci ta gwamnatin tarayya, wadda aka fi sani da Man O' War, cibiyar da asalinta ya faro a 1951. Suna da malaman hawa, da igiyoyi, da filin gwajin juriya, da ɗakunan kwana. Wannan yana sauke wa malami babban nauyi, domin yawancinmu mun iya tsara yara amma ba mu koyi saukowa daga dutse da igiya ba, kuma bai halatta mu gwada a kan 'ya'yan mutane ba. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos yana Lamingo, a wannan ɓangaren na gari. Sai an rubuta wa makarantar horon tun da wuri, an ji kuɗinsu da ranakun da suke da gurbi.

Farashinta shi ne nisa. Sama da kilomita 400 ne, ta Zariya da Pambeguwa da Saminaka. Yini guda zuwa, yini guda dawowa, aƙalla yini biyu a can, kwana huɗu ke nan, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ne yake cinye mafi yawan abin da aka tara. A ƙungiyar da rabin yaranta 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, Shere tana raba su biyu: masu zuwa da masu jin labari. Wannan yana damuna ƙwarai, domin kakin sikawut an yi shi ne don ɗan attajiri da ɗan lebura su zama ɗaya. In ba a sami wanda zai ɗauki nauyin marasa hali ba, ko tsofaffin ɗalibai ko ƙungiyar iyaye da malamai, gara a je inda kowa zai iya zuwa. Jos kuma tana da nata lokutan tashin hankali da dokar hana fita, kamar yadda aka gani a Agustan 2021, don haka ita ma sai an tambayi mutanen can a makon tafiyar.

Sanyi ne abin da yaron Gusau bai shirya masa ba a Shere. Duk hawan mita 1,000 iska tana ƙara sanyi da kusan digiri 6, kuma Gusau ba ta kai mita 500 ba. A Disamba da Janairu daren Jos yakan sauko wajen digiri 10, ga iska a kan tudu. Zanen rufa ba zai yi ba, sai bargo da rigar sanyi da hula da safa. A nan ne maganar masu sikila take shigowa, kuma ina roƙon malamai kada su yi mata kara. Sanyi da ƙishirwa da gajiya su ne suke tayar da ciwon, kuma Shere ta haɗa ukun. Wasu iyaye suna ɓoyewa don kada a hana yaro tafiya. A takardar izini a tambaya ƙarara: sikila, asma, farfaɗiya, da maganin da yaro yake sha. Mai sikila ba ya zuwa Shere sai da amincewar likitansa. A Kufena yana iya zuwa, a ba shi aikin masauki ko ya hau iya inda jikinsa ya yarda.

Yanzu ruwa, wanda shi ne yake yanke hukuncin nauyin jaka. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Yaron da ke hawa a rana yana buƙatar aƙalla lita 3. Ledar fiya wata rabin lita ce, jaka guda tana da 20, wato kilo 10. Ƙungiya mai yara 24 tana buƙatar lita 72 a yini, sama da jaka bakwai, ban da girki da alwala. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada kayan yaro su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Mai kilo 40 ke nan kilo 8 ne iyakarsa, kuma ruwa ya riga ya ci 3. A Kwatarkwashi da Kufena sauran kilo 5 sun isa har da rara, tunda guzurin rana ne kawai da ɗan magani. A Shere, in aka ƙara rigar sanyi da abincin yini guda, jakar ƙaramin yaro ta cika kafin a gama. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya nuna cewa Shere ta manya ce, 'yan shekara goma sha biyar zuwa sama.

A kan falalen dutse babu rijiya, kuma ruwan da ya kwanta a ramukan dutse ba na sha ba ne. Gara gora mai murfi a kan leda, domin leda tana fashewa a jaka ta jiƙa garin kwaki, kuma yara suna yar da ita a bar wa masu gari shara. A yi alwala a ƙasa kafin a hau. In an je Zariya ko Jos akwai sauƙin ƙasaru, limamin ƙungiya ya yi wa yara bayani tun a gida. Malami ya riƙe ledojin gishiri da sukari na asibiti, in kuma sun ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri suna yin aikin. Guzuri kuwa namu na gida ya fi komai: garin kwaki da sukari, ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa, aya, kilishi ga mai hali. Ba sa lalacewa, ba su da nauyi, kuma suna riƙe ciki.

Takalmi ma a duba shi ɗaya bayan ɗaya, mako guda kafin tafiya. Za ka ga yaro ya zo da silifas ɗin wanka, wani da sabon kambas da babansa ya sayo jiya. Silifas yana zamewa a gangare, sabon takalmi kuma yana sa ƙafa ta yi bororo tun kafin a kai rabi. Tsohon kambas na gwanjo mai sauran zane a tafinsa, da safa mai kauri, ya fi su duka. Ka juya takalmin ka shafa ƙasansa da yatsa. In ya yi sumul, a canza. Saukowa ta fi hawa kayar da yara, domin sun gaji kuma suna ɗokin isa.

Maciji da kunama da ƙudan zuma suna dukkan wuraren uku. Kububuwa tana son ƙarƙashin duwatsu da busasshiyar ciyawa, zuma kuma tana kafa saƙa a tsagar dutse, shi ya sa ɗan jagora na gari ya fi taswira amfani a wannan fannin. Doka ɗaya za a nanata: ba a zura hannu inda ido bai gani ba. In an yi sara, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A kwantar da yaro, a hana shi motsa wurin, a ɗauke shi zuwa asibiti. Daga Kwatarkwashi, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da asibitin Yariman Bakura duk suna Gusau, don haka motar da ta kawo ku ba ta komawa tasha neman fasinja, a gindin dutse take jira da direbanta a ciki.

Lokaci kuwa bai da wahalar zaɓe. Damina dutse yana santsi, ga tsawa a kan fili. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a nan, kuma lokacin sanƙarau ne. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris. Abin da ya rage mai kyau shi ne ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, ƙasa ta bushe, hazo bai yi kauri ba, ana iya ganin nesa daga sama. Wannan ya fi dacewa da Kwatarkwashi da Kufena, tunda ƙarshen mako ya ishe su. Shere mai kwana huɗu sai an jira hutun zangon farko, wanda yake kai ku tsakiyar sanyin Jos.

In ni aka tambaya, ƙungiyar da ba ta taɓa fita ba ta fara da Kufena. Tana da kwana, tana da dutse na gaske, kuɗinta bai kori talaka ba, kuma in wani abu ya faru kuna cikin gari. Kwatarkwashi a riƙe ta don ƙaramin rukuni, yara goma zuwa goma sha biyu da manya uku, a makon da fada da jami'an tsaro suka ce ba komai. Shere a bar wa manyan yara da suka riga suka yi Kufena suka nuna sun iya riƙe jaka da bin umarni, kuma a fara tara kuɗinta tun farkon zangon karatu, kaɗan-kaɗan duk mako.

Ko wanne aka zaɓa, a raba yara rukuni-rukuni na shida zuwa takwas, kowane da shugabansa da usur, babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, a ƙirga kai a duk tsayawa. In da 'yan mata, da malamai mata da makwanci dabam. Takardar ma'aikatar ilimi da sa hannun kowane uba ko mariƙi su kasance a hannu kafin a biya direba ko sisi. A bar jerin sunaye da lambobin iyaye wurin shugaban makaranta, a ajiye da shi cewa za a kira a lokuta sanannu, kuma a riƙe layukan waya na kamfani biyu. Sannan tun a taron farko a gaya wa iyaye da yara cewa ana iya soke tafiyar ko da safen ranar ne, a kuma rubuta yadda za a mayar wa kowa kuɗinsa in hakan ta faru.